Zubin Kullum

Duk wanda ya saba zaman kasuwa da la'asar sakaliya ya san uwar adashi. Ba ta doguwar gaisuwa. Takan tsaya gaban mai tumatir, ta buɗe ɗan littafinta, a miƙa mata, ta ja layi, ta wuce wurin mai ƙosai. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda ake yanka kuɗin zubin tun ranar farko. Macen da ta daɗe a sana'a ba ta yanka zubi da cinikin jajibirin salla ko na makon Kirsimeti. Takan tuna ranar da aka wuni ana ruwa, kasuwa ta watse tun azahar, ta tambayi kanta nawa za ta iya fitarwa a irin wannan rana ba tare da ta taɓa uwar kuɗi ba. Abin da lissafi ya ba ta, shi ne zubinta. Sabuwar shiga kuwa, don zafin nama, sai ta ce a rubuta mata dubu biyar kullum. Kafin mako biyu ta fara laɓewa bayan rumfa in ta hango uwar adashi tafe.

Irin wannan yankan zubi ake yi a majami'unmu kowane daren 31 ga Disamba. Ana tsakiyar waƙa da godiya, zuciya ta yi zafi, mutum ya ɗauki alkawari cewa bana sai ya sauke Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya. Niyya ce mai kyau, amma bari mu yi mata lissafin 'yan kasuwa. Littattafai 66 ne, surori 1,189, wato 929 a Tsohon Alkawari, 260 a Sabo. In aka raba su a kan kwanakin shekara, kowace rana tana da sura uku da ɗan ɗoriya. Farawa sura 50 ce, Fitowa 40, duka 90 ke nan, kusan watan Janairu. Watan daɗi ne kuwa, ga Ibrahim, ga Yusufu da 'yan'uwansa, ga Musa a gaban Fir'auna, labari na jan mutum da kansa. Da Fabrairu ya kama sai a faɗa Littafin Firistoci: ka'idojin hadaya, yadda ake duba kuturta a jiki da a bangon ɗaki, abin da ke da tsarki da wanda ba shi da shi. A bayansa ga Littafin Ƙidaya yana jira da jerin kabilai. A nan ne galibin alkawuran Disamba suke kwanta dama. An tsallake kwana ɗaya, gobe sura shida ke jira, jibi tara, sai mutum ya fara kawar da kai in ya ga littafin a kan tebur.

Ba wai tsarin sauka a shekara ba shi da amfani ba ne. Wanda ya fi shahara a cikinsu, wani fasto ne a garin Dundee na ƙasar Sikotlan, Robert Murray M'Cheyne, ya tsara wa ikilisiyarsa a 1842: wurare huɗu kowace rana, biyu tare da iyali, biyu mutum shi kaɗai, a karanta Tsohon Alkawari sau ɗaya, Sabon Alkawari da Zabura sau biyu. Har yau ana bin sa. Sai dai masu rarraba jadawalin ba su cika haɗawa da gargaɗin da shi mai tsarin ya rubuta ba. Ya ce abin na iya zama al'ada kawai, yana iya sa mutum ganin kansa adali, yana kuma iya zama kaya mai nauyi, wanda kuwa ya zame masa haka ya sauke shi ya yi karatunsa a sake.

Ni a ganina, wanda bai riga ya saba ba ya yanka abin da zai iya ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko ranar da ya dawo daga gona bayansa na ciwo. In aya goma ce, to, goma. Kada ma sura ta zame masa mudu, domin sura ba awo ba ce: Zabura 117 aya biyu ce tak, Zabura 119 kuwa aya 176. Bulus bai rubuta wasiƙunsa da lambobi ba. Rabon surorin da muke bi ana danganta shi da Stephen Langton a farkon ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai ɗab'i Bafaranshe, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Alamomi ne don a gane wuri. Mutum na iya tsayawa inda labari ya tsaya, ko da tsakiyar sura ce. Bisharar Markus, mai sura 16 da labarai gajeru masu bin juna, ta fi dacewa da mai farawa. Karin Magana kuma sura 31 ce, kwanan wata da kansa yake gaya maka inda za ka buɗe.

Uwar adashi ba ta cewa za ta zo in ta sami sarari. Tana da lokacinta, shi ya sa ake ware mata kuɗin tun kafin ta iso. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da gane wannan: tilawa tana manne da sallar asuba, Alƙur'ani kuma a rabe yake izu sittin, kowa ya san inda ya kwana. Karatun da aka bari sai an sami lokaci, waya ce ke cinye rabonsa. Gara a ɗaure shi da wani abin da ba ya tashi, kamar kafin a sha koko, ko bayan an kwashe kwanukan tuwon dare. Ba dole sai da asuba ba. Manomi da damina yakan bar gida tun duhu, ma'aikaciyar jinya mai kwanan aiki safiyarta lokacin barci ce. Kowa ya san inda yininsa ke da ɗan sauƙi.

Akwai kuma idon wani. Da kuɗin adashi a asusu suke a ɗaki, da an fasa shi tuni. Gidajen da karatu ya zauna da gindinsa, sau da yawa za ka tarar ba mutum ɗaya ke yi ba: ana tara yara a tsakar gida, ɗan firamare ya karanta yana tuntuɓe, kaka ta gyara masa da ka, ita da ba ta taɓa shiga aji ba. Matan Zumunta sun fi maza riƙo a nan, a faɗi gaskiya, domin suna tambayar juna. Wanda ido ya yi masa rauni ko bai yi boko ba, yanzu akwai karatun murya a waya. A kuma zaɓi fassarar da kunne ke ganewa. Tsofaffi da yawa ba sa rabuwa da ta 1932, wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa babban aiki, amma Hausarta takan yi wa matasa tsauri. Wadda ta biyo bayanta da kusan shekara hamsin ta fi sauƙin shiga.

Wuri ɗaya ne karatu ya raba hanya da adashi, kuma shi ne mafi muhimmanci. A adashi, ranar da ka fasa bashi ce, sai ka biya. A nan babu mai bin ka. Labarin manna a Fitowa sura 16 ya isa misali: kowa ya tara na yininsa, wanda ya ajiye don gobe ya tarar ya yi tsutsa yana wari, in ban da rana ta shida da aka yarda a tara na kwana biyu saboda Asabar. Ba a ci na gobe yau ba, ba a kuma ce wanda ya makara jiya ya ci ninki ba. Wanda ya tsaya a Markus 6 ranar Talata, bai sake buɗewa ba sai Asabar, Markus 7 ke jiransa, ba sura huɗu ba. Ramuwar nan ita ke kashe mutane, domin takan mai da karatu tseren ido a kan takarda, a rufe littafi ba a riƙe ko kalma ɗaya ba.

Wani zai ce, da wannan tafiyar hawainiya yaushe za a kai Firistoci? Za a kai. Sura ɗaya a rana tana sauke littafin duka cikin shekara uku da wata uku. In an iso Firistocin ma, a riƙa haɗa shi da Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, wadda sura 13 ce kawai, domin a can ne aka bayyana abin da babban firist da jinin hadayun nan suke nuni a kai.