Wa Ya Kamata Ya Fara Ganin Masanin Kimiyya?

Ana yawan kuka cewa duniya ba ta ganin masana kimiyyar ƙasashe masu tasowa, kuma kukan yana da hujja. Manyan mujallun da ake auna darajar bincike da su akasari suna Turai da Amurka, da Turanci ake rubuta su, wasu kuma sai an zube daloli kafin su buga aikin mutum. Sai dai mu da muke zargin na nesa da makanta, shin mun ga namu?

A shekarar 2019 aka fitar da irin waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda wake tun yana gona, bayan shekaru ana gwaji a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. Akwai saɓani kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, kuma saɓanin ba laifi ba ne. Amma manomin Utai, wanda kuɗin feshi ke cin rabonsa kowace damina, ya fi duk wani editan Landan haƙƙin sanin wanda ya yi wannan aiki, domin ya tambaye shi, ya yi masa gardama in ta kama. Masanin da ba a san fuskarsa ba, yaya za a amince masa, ko a tuhume shi?

Laifin ba na masanin kaɗai ba ne. Tun 2001 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, ƙaramar hukuma ɗaya da Utai. Amma a jami'o'inmu takardar da aka buga ita ke kawo ƙarin girma. Awa guda a rediyo ana bayani da Hausa ba ta da irin wannan nauyi. Kowa kuwa inda aka ajiye masa lada yake fuskanta.

Abin ya daɗe. Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi har jimillar kowane layi ta zo daidai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi na ƙetare suna ambatonsa har yau. Ni kuwa daga firamare har jami'a a ƙasar Kano na yi karatu, kuma ba malamin lissafin da ya taɓa kiran sunansa a aji.