Sauri Ya Haifi Nawa

Tsofaffi kan jefi mai rawar jiki da wannan magana idan garajensa ya ɓata masa aiki. An aiki yaro sayen manja, ya ruga a guje don a yaba masa, ya yi tuntuɓe a ƙofar gida, kwalba ta fashe. Yanzu sai an share, an nemo wani kuɗin, an sake aikensa, miyar da za a sauke kafin Magariba ta kai bayan Isha'i. Maganar ta wuce cewa gaggawa ba ta da amfani. Tuhumarta take yi, cewa ita ce da kanta ke jawo jinkirin da mai ita yake gudu.

A tseren mita 100 ba ruwan kowa da wannan karin magana, wanda ya fi sauri shi ne gwani, shi ke nan. Amma da zarar tafiya ta miƙa, daga kilomita 10 zuwa gudun yada ƙanin wani mai kilomita 42 da mita 195, sai ka rantse don masu gudu aka yi ta.

Duk wanda ya taɓa kallon gudun fanfalaki na Legas, wanda ake yi tun daga 2016, galibi a watan Fabrairu, ya san yadda aka saba tashi daga filin wasa na Surulere a shekarun baya. Ana ba da alama sai ka ga samari sun fyalla, wasu har suna gogayya da 'yan Kenya da Habasha don na'urar ɗaukar hoto ta kama su a sahun gaba. Jiki sabo, rana ba ta fito ba, ihun jama'a na ingiza mutum. Ka jira su a kan gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12 kuma ba inuwar ko sisin kwabo. Can za ka tarar da su, hannu a ƙugu, baki buɗe, riga ta jiƙe sharkaf, suna jan ƙafa. Sai ga wani dattijo mai furfura da suka bari a baya tun a Surulere ya zo da ɗan taku-takunsa, ya wuce su ko waiwaye babu.

Abin yana da dalili a cikin jiki. Mai gudu da makamashi iri biyu yake tafiya: sukarin da jiki ya tara a tsoka da hanta, da kuma kitse. Sukarin nan wutar kara ce, tana ci bal-bal ta mutu nan da nan, kitse kuwa gawayi ne, ba ya saurin kamawa amma yana daɗewa. Idan kana tafiya a hankali, jiki na haɗa su biyun, yana tattalin sukari. Ka ƙara wuta, sai ya koma kan sukari kusan kacokan. Abin da mutum ya tara bai cika kai shi ƙarshen kilomita 42 ba, shi ya sa mutane da yawa ke rushewa tsakanin kilomita 30 da 35. Ƙafa ta yi nauyi kamar ba taka ba, kai ya yi dum, ƙaramin tudu ya zama dutse. Wanda ya yi almubazzaranci da farko, tun kafin nan tasa ta ƙare.

Mu yi lissafi. Mai son gama tseren cikin awa 5 yana bukatar kusan minti 7 a kowace kilomita. A ce zumuɗi ya ɗebe shi ya yi kilomita 20 na farko a minti 6 da rabi. Ya ci ribar minti 10 zuwa 12, yana ta murna. Idan wannan ya sa shi takawa da ƙafa a kilomita 10 na ƙarshe, minti 11 kowace, ya yi asarar minti 40. Ga saurin, ga kuma abin da ya haifa.

Gwanayen ma ba su tsira ba. Lokacin da Eliud Kipchoge ya kafa tarihin duniya a Berlin a 2018, rabin tseren na biyu ya fi na farko sauri. Da ya koma a 2022 sai ya fita da zafi, ya yi rabin farko cikin minti 59 da daƙiƙa 51, amma na biyun sai da ya ci masa fiye da minti 61. Ya sake kafa tarihi dai, to amma agogo ya nuna inda ya biya. Marigayi Kelvin Kiptum, da ya yi awa 2 da daƙiƙa 35 a Chicago a 2023, ya riƙe kansa ne a rabin farko, sannan ya saki jiki a na biyu, ya rage kusan minti guda. Idan mutanen da gudu ne sana'arsu suna jin tsoron farkon tsere, ban ga dalilin da malamin makaranta ko tela mai gudu a ƙarshen mako zai raina shi ba.

Sai dai ni a ganina, inda karin maganar ta fi cizo shi ne a watannin horo, tun kafin a kai ga ranar tsere. Yaro ya ji za a ɗauki soja ko 'yan sanda, saura mako uku, sai ya tashi kullum bayan Asuba ya hau kwalta yana gudu kamar an biyo shi. Ko magidanci likita ya ce masa ya rage teɓa, ya sayo takalmi a gwanjo, ya ɗaura niyyar sauke abin da ya tara a shekara goma cikin wata ɗaya. Makon farko lafiya lau. Na biyu ma numfashi ya fara daidaita, sai ya ƙara nisa. A na uku sai ƙwauri ya fara zugi, ko gwiwa ta riƙe, ko ya sauko daga gado da safe ya kasa dafa dunduniya a ƙasa. Yaudarar a nan take: zuciya da huhu suna sabawa da wahala cikin 'yan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi, irin su agara, sai sun ɗauki watanni. Numfashi ya ce maka ƙara, ƙafa kuwa ba ta shirya ba. Wanda ya ƙi haƙurin wata uku sai ya yi zaman jinyar wata biyu, ya dawo ya fara daga tushe, in ma ya dawo ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Masanin motsa jiki Stephen Seiler ya bibiyi yadda manyan 'yan wasan juriya ke horo, ya gano cewa kusan kashi 80 cikin 100 na horonsu a hankali suke yin sa, ragowar ne kawai mai zafi. Baƙin da ke zuwa Iten da Kaptagat a Kenya sukan yi mamakin yadda zakaru ke fara gudun safiya da taku mai sanyi, wanda kowa zai iya bi. Ɗan koyo kuwa kullum a tsakiya yake: bai yi sanyin da jiki zai huta ba, bai yi zafin da zai ƙaru ba, gajiya kawai yake tarawa. Ma'aunin ba ya bukatar agogo mai tsada. Idan kana gudu da aboki kuna iya hira, jimla ta fita cikakkiya ba tare da haki ya yanke ta ba, kana kan hanya. Idan ya tambaye ka ya gida, ka kasa cewa komai sai "lafiya", ka rage. Mai farawa ma ya haɗa da tafiya, gudu minti 1, taku minti 2, ba abin kunya ba ne. Nisa kuma a riƙa ƙara shi kaɗan-kaɗan. Masu horarwa kan ce kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, ba aya ba ce, amma linzami ne mai kyau.

Hutu shi ne abin da masu zumuɗi suka fi ƙi, suna ganin ragwanci ne. Alhali gudu gajiyar da tsoka yake yi, ya ɗan yayyaga ta, gyaran da ke sa ta fi da ƙarfi kuwa a lokacin barci da hutu ake yin sa. Wanda ya yi gudu mai zafi yau, gobe ya yi mai sanyi ko ya zauna. Ya samu barcin awa 7 zuwa 8, ya ci abin da zai mayar masa da abin da ya ƙone: shinkafa da wake, tuwo, ƙwai, fura da nono. Idan tsere ya rage mako biyu ko uku a rage horo, domin abin da ba ka gina a wata huɗu ba, kwana goma ba za su gina maka shi ba.

Mu a nan akwai ƙarin rana. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma a zafi zuciya aiki biyu take yi, tana kai jini ga tsoka, tana kai shi fata don jiki ya huce. Takun da ya yi maka sauƙi da hunturu zai yi maka nauyi da bazara, kuma ba lalacewa ka yi ba. A fita da sassafe, a sha ruwa gwargwadon ƙishi. Da azumi a bar gudu mai nisa sai bayan buɗa-baki. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'ar haɗiyar ƙwayar kashe ciwo kafin a fita. Irin su ibuprofen da diclofenac suna wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe, tramadol kuwa ba sai an faɗa ba. Ciwo saƙo ne ƙafa ke aikowa, ka toshe bakin ɗan aike, ɗan tsagewar ƙashi ya zama karaya.

Wani zai ce, to ai raggo ma ya samu mafaka, kullum ya ce yana bi a sannu. Gaskiya ne, kuma karin maganar ba ta yabi nawa ba, ai ita ce ma abin da ake gudu. Sauri yana da ranarsa: sau ɗaya ko biyu a mako ga wanda ƙafarsa ta ƙwari, ya hau tudu ko ya yi gajerun zagaye masu zafi, sai kuma kilomitocin ƙarshe na tsere, inda duk abin da ya rage a jiki za a zazzage shi. Wanda ake zargi shi ne saurin da ya riga lokacinsa.

Saboda haka ɗan'uwa, idan ka tsaya a layin farawa, ka bar masu fyallawa su fyalla. Ka yi kilomita 5 na farko a takun da har za ka ji kamar kana jin kunya. In kuwa kana da hawan jini ko ciwon suga, ko ka haura shekara 40 ba ka saba motsa jiki ba, ka fara biyawa ta wurin likita kafin ka ɗaura takalmi.