Gado da Haye: Me Baƙo Yake Koya Cikin Awa Uku?

A kan teburina, a nan Dakwaro, akwai wani ɗan tayil guda ɗaya, irin wanda muke ce wa karo, faɗinsa santimita 14, tsawonsa ma haka. Fari ne, an zana masa fure da shuɗin launi, kuma duk wanda ya dube shi da kyau zai ga ganye ɗaya ya fi ƴan'uwansa kauri, domin a nan ne hannun mai zanen ya yi rawa. Ni ne mai zanen. Na yi shi ne a Lisbon, babban birnin ƙasar Fotugal, lokacin da wani taron malaman makaranta ya kai ni can. Wani yammaci da ba mu da zama, sai na biya kuɗi na shiga wani ɗakin koyo da ake buɗe wa baƙi masu wucewa.

Da na dawo gida na nuna shi ga wani dattijo maƙwabcinmu, magini, wanda ya tsufa a cikin sana'arsa. Ya juya shi gaba da baya, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya saurari ƙararsa, sannan ya ce: "Mushe, shekara nawa ka yi a hannun wanda ya koya maka?" Na ce: "Baba, awa uku ne." Ya yi murmushi, ya miƙo mini abina, ya ce: "To, madalla. Ni shekaruna ukun farko ruwa nake ɗebowa, ina cuɗa ƙasa."

Dattijon bai zage ni ba, amma maganarsa ta bar mini tambayar da nake so mu duba tare da mai karatu: mutumin da ya taɓa sana'ar wasu na ɗan lokaci, da kuɗinsa, yana kan hanya, me ya samu? Ilimi ne ya ƙaru da shi, ko kuwa ya sayi inuwar abin da wasu suka ƙarar da rayuwarsu a kansa?

Bari in fara da bayyana abin da aka yi a awa ukun nan. Mutanen Fotugal suna kiran wannan tayil azuleju, kuma da shi suke lulluɓe bangon gidaje da majami'u da tashoshin jirgin ƙasa. Malamar da ta karɓe mu ta ba kowa tayil da aka riga aka gasa sau ɗaya, aka shafe fuskarsa da wani farin shafe mai haɗe da kuza, wanda idan ya bushe yake zama kamar gari. Ta ba mu takarda mai zane da aka huda layukanta da allura, muka ɗora a kan tayil, muka bubbuga ta da ƙullin garin gawayi, sai ɗige-ɗigen zanen suka sauka. Daga nan muka bi ɗigon da buroshi mai laushi da aka tsoma cikin ruwan sinadarin kobal. Farin shafen yana shanye ruwa nan take, kamar yadda rairayinmu yake shanye yayyafin farko, saboda haka layin da ya karkace ya karkace ke nan. Launin kuwa toka-toka ne a lokacin zane, ba ya zama shuɗi sai ya shiga tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,000. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin karofi ya ga zane ya fito kore daga ruwan baba, iska ta mayar da shi shuɗi, zai fahimci irin wannan jira.

To, a nan ne hujjar dattijon take da ƙarfi. Ban haƙo yumɓu ba, ban haɗa shafen ba, ban ƙirƙiro zanen ba, ban kuma hura wutar ba. An yanko mini mataki mafi daɗi a cikin doguwar hanya, an sayar mini. A wurin Bahaushe kuwa sana'a ba ta yankuwa haka. Muna da kalmomi biyu da suka raba masu sana'a: ɗan gado da ɗan haye. Ɗan gado ya buɗe ido ya tarar da ita a gidansu, ɗan haye kuwa daga baya ya shigo. Yaron magina yana farawa da ɗiban ruwa da cuɗa ƙasa da ciyawa, sannan ya koyi mulmula tubali, sannan ya iya jefa shi ga wanda yake kan bango, sannan ya san yadda ake jera azara, da yadda ake jiƙa makuba daga kwasfar ɗorawa, da yadda ake haɗa laso da katsin marina. Zanen da ake yi a fuskar zaure, da dagi da zankwaye, su ne ƙarshen karatu. A tsawon waɗannan shekaru yaro yana koyon abin da ya fi motsin hannu: wace ƙasa ce take tsagewa, wane lokaci ne bango yake bukatar a bar shi ya sha iska, da kuma nauyin amanar mutanen da za su kwana a ƙarƙashin rufin da ya ɗaura. Irin wannan tarbiyya ce ta haifi Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu cikin ƙarni na 19. Irin haƙurin nan ne kuma muke gani a aikin Alhaji Falke Barmu, wanda ya fara ginin masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, ya yi ta ƙara masa shekara da shekaru, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Idan an auna da wannan ma'auni, ni ko ɗan haye ban kai ba.

Sai dai kuma akwai wani gefen maganar. Ita kanta sana'ar da mutanen Fotugal suke tinƙaho da ita, haye suka yi mata. Sunan azuleju daga Larabci ya fito, daga kalmar az-zulaij, wato ɗan dutse mai santsi, kuma har yau a Maroko ana kiran irin wannan ado zillij. A farkon ƙarni na 16 Sarki Manuwel na Ɗaya ya sa aka kawo tayil daga Sebiliya ta ƙasar Sifen, inda aka gaji aikin daga Musulmin Andalus, ya ƙawata fadarsa ta Sintara. Dabarar yin zane kai tsaye a kan farin shafe daga Italiya ta zo. Shuɗi da farin da ya zama tambarin ƙasar ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na 17, ta hanyar kwaikwayon tayil ɗin Holan da tangaran ɗin ƙasar Sin. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe Lisbon a 1755, bukatar sake gina birni cikin hanzari ta sa aka riƙa buga shi da yawa, mai sauƙin zane. Haka abin yake a wurinmu. Dagin da yake jikin bango shi ne a jikin riga da jakar fata, kuma a ƙarni na 20 maginan Kano da Zariya sun shigar da keke da agogo da mota cikin zanensu, sun kuma riƙa lika tasa mai ƙyalli a tsakiyar rufin soro. Babu gadon da ba wani ne ya fara hayensa ba. Da kowace al'umma ta rufe ƙofarta ga mai son koyo, da ba mu sami abin da muke gado a yau ba.

Saboda haka, a ganina, shiga ɗakin koyo ba laifi ba ne. Laifi yana farawa ne daga sunan da mutum ya ba abin da ya samu. Idan na dawo ina cewa na iya zanen Fotugal, na yi ƙarya, na kuma rage darajar waɗanda suka iya. Idan kuwa na ce na ɗanɗana wahalarsa, na faɗi gaskiya, kuma wannan ɗanɗano yana da amfanin da ban zata ba. Kafin yammacin nan na yi kwanaki ina ratsa titunan Lisbon, bangayen suna wuce ni kamar zanen atamfa. Washegari da na je gidan tarihin azuleju, wanda yake cikin wani tsohon gidan ibada da aka kafa a 1509, sai na tarar idona ya sauya. Na riƙa ganin inda mai zane ya sake tsoma buroshi, da inda ya ja layi mai tsawon kamu guda ba tare da ya ɗaga hannu ba. Da aka ce mini tashar jirgin ƙasa ta Sawun Bentu a birnin Porto tana ɗauke da tayil wajen 20,000 da Jorge Colaço ya zana tsakanin 1905 da 1916, na san nauyin wannan adadi, domin guda ɗaya ya sa ni gumi. Hannuna bai koyi komai ba, idona ne ya koya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, ni kuwa na ƙara da cewa taɓawa tana gyara gani.

Wannan gyaran ido yana da nasaba da ɗabi'a. A Fotugal an daɗe ana fama da ɓarayin da suke ɓamɓare tsofaffin tayil daga bango suna sayar wa masu yawon buɗe ido, har gidan tarihin ƴan sandan binciken ƙasar ya ƙaddamar da shirin ceto mai suna SOS Azulejo a 2007, sannan a 2017 aka yi dokar da ta hana cire tayil daga fuskar gini ba tare da izinin hukuma ba. Baƙon da yake sayen irin wannan kaya yana son abin ne, amma bai ga hannun da ya yi shi ba, bai kuma ga ramin da ya bari a bango ba. Baƙon da ya zauna ya ɓata tayil ɗaya da hannunsa ya fi kusa da jin kunyar sayen na sata. Ashe ke nan baƙi iri biyu ne: mai ɗauke abu ya bar giɓi, da mai ɗauke sanin darajar abu ya bar shi a inda yake.

Amma abin da ya fi damuna ba a Lisbon yake ba. Na sha zuwa Damagaram, na sha ratsa unguwar Birni, inda gidajen ƙasa masu zane suke kewaye da fadar Sarki, ban taɓa tsayawa na tambayi wanda ya yi ko ɗaya daga cikinsu ba. Na yi shekaru ina gaisawa da dattijon nan safe da yamma, ban taɓa roƙonsa ya nuna mini yadda ake mulmula tubali ba. Sai da na ƙetare teku, na biya da kuɗin Turai, sannan na yarda aikin hannu abin zama a koya ne. Dakwaro ba tsohon birni ba ne, barikin da Faransawa suka kafa a 1947 ne ya raya shi, don haka ba mu da tsofaffin fadoji masu zane. Amma muna da magina da masu ɗaura rumbu, muna da dukawa da maƙera, muna da masu sassaƙa ƙwarya, Hausawa da Fulani da Buzaye, muna kuma da iyayenmu mata da suke tsara jere a ɗakin amarya da ido mai sanin daidaito. A yau duk wanda ya sami abin hannu a cikinmu, burinsa ya rushe ɗakin ƙasa ya lulluɓe bango da karon kamfani, wanda babu hannun kowa a jikinsa. Kowa yana da haƙƙin ya so ginin da ba ya bukatar yaɓe duk shekara, ban ga laifin wannan ba. Abin da nake gani shi ne, sana'o'inmu ba baƙi ne suke sace su ba, magada ne suke barinsu, kuma sau da yawa a cikin ajinmu ne ɗan magini yake fara jin kunyar faɗin sana'ar mahaifinsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Idan haka ne, ɗan haye ya zama abin nema. Gadon da ya rasa magaji, idan bai sami ɗan haye ba, kabari zai bi mai shi. A nan ne nake ganin malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suna da abin koyi daga wancan ɗakin na Lisbon. Yammaci ɗaya a wata, a gayyato magini ko baduku ko mai sassaƙa ya shigo makaranta, yara su sa hannu a cikin ƙasa da fata. Amma sai an kiyaye sharuɗɗa uku, in ba haka ba abin ya koma wasan kwaikwayo na ranar biki. Na farko, a gabatar da shi a matsayin malami, ya zauna inda malami yake zama, a kira shi da sunansa. Na biyu, a biya shi haƙƙinsa, kamar yadda na biya waccan malama ba tare da na nemi ragi ba. Na uku, a gaya wa yara gaskiya cewa abin da suka yi bakin ƙofa ne kawai, cikin gidan yana da nisa. A cikin yara arba'in, wataƙila ɗaya ne zai koma wurin dattijon ya nemi ƙari. Sauran talatin da tara za su girma su zama masu ba da aikin gini da masu riƙe da hukuma, kuma za su san abin da suke rushewa kafin su rushe shi.

Bayan ƴan kwanaki na koma wurin maƙwabcina, na tarar yana gyaran katangar wani gida kafin damina. Na ce: "Baba, na zo a koya mini." Ya dube ni, ya dubi takalmana, ya ce: "Mushe, sai ka cire waɗannan tukuna." Ya nuna mini tulin ƙasar da aka jiƙa tun jiya, ya ce in shiga in tattake. Na yi ta tattakawa har la'asar, bai bar ni na taɓa bangon ba, ni kuma ban nema ba.