Kafin a buɗe ƙofar shago

Ya ku ƴan'uwa, muna ganin samari suna haɗa jari su buɗe shago a Kasuwar Dole ko ta Maraɗi, shekara ba ta zagayo ba sai ga su gaban alƙali. Ba jari ya gaza ba. Tun farko ba su zauna sun bayyana niyyarsu ba, da inda suka dosa, da abin da ba za su taɓa ba. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take magana. To, mu rubuta sharuɗɗanmu gaban shaidu: rabon riba, ɗaukar hasara gwargwadon jari, ban da tauye tiya, ban da ɓoye aibin haja, ko da yaro aka aiko saye.