Kyarkeci a Gadon Kaka

Karatu: 2 Sama'ila 11:1-5, 12:1-7



Wata uwa daga cikin masu sauraronmu ta tsai da ni bayan sujada, ranta a ɓace. Ta kai wayarta wurin masu tura fina-finai a kasuwa, ta ce a sa mata na yara. Cikin abin da aka tura akwai ɗaya mai sunan Sandiriyon, wadda masu Ingilishi ke kira Sindarela, wato marainiyar nan da kishiyar uwa ta mai da ita baiwa. Da yawanmu mun karanta labarin a makarantar boko. Ta miƙa wa 'ya'yanta wayar, ta koma kan girkinta. Shirun da ya yi yawa ne ya sa ta leƙo. Abin da ta tarar ba ya rubutuwa a wannan takarda. Ta ce mini, "Fasto, wane irin mutum ne zai zauna ya yi wannan da labarin yara?"

Ban iya ba ta amsa a ranar ba. Na je na yi bincike, ga abin da na samo. Ni ban kalli waɗannan fina-finai ba, abin da aka rubuta a kansu na karanta, kuma ba zan jera maka sunayensu ba, gama ba talla nake yi ba.

Abin ba sabo ba ne. A 1969 wani mai shirya fim a Jamus ya ɗauki tatsuniyoyin 'yan'uwa Grimm ya mai da su fim ɗin batsa. A Amurka an yi haka da labarin Alis a 1976, an yi da Sindarela a 1977, har da kiɗa da waƙa. Wanda ya fi tā da ƙura kuwa a Faransa ya fito a 1975, daga hannun Walerian Borowczyk, mutumin Folan, wanda ya taɓo tsohuwar tatsuniyar kyakkyawar budurwa da dodo. Shi wannan ba ɗan kasuwar bayan gida ba ne. Gwani ne na zane mai motsi, manyan masana fim suna girmama shi tun kafin ya karkata zuwa wannan hanya. Hukumar tace fina-finai ta Ingila ta hana fim ɗin takardar izini, sai a 2001 aka sake shi ba tare da an yanke kome ba. Mutumin ya rasu a 2006, a 2014 kuma aka gyara fina-finansa aka sake fitar da su cikin kwali mai tsada, kamar kayan tarihi.

Irin waɗannan fina-finai, da jama'a suka ƙi amma wasu 'yan tsiraru suka rungume suna kallo suna maimaitawa, Faransawa suna kiransu "film culte". Kai da ka yi karatun Faransanci ka san wannan kalma. Ita ce dai "culte" da muke rubutawa a allon majami'a ran Lahadi da safe, wato sujada. Ba ni na raɗa musu sunan ba, su suka zaɓa da bakinsu.

To, masu kāre su suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ba. Suna cewa tatsuniyoyin nan tun asali ba masu tsabta ba ne, daga baya ne aka wanke su domin yara. A nan sun faɗi gaskiya. A littafin da aka buga a Italiya a 1634, wanda Giambattista Basile ya rubuta, sarkin da ya tarar da budurwa mai dogon barci bai tashe ta ba, ya ci mutuncinta ne ya tafi, ta haifi tagwaye tana barci. 'Yan'uwa Grimm ma, da suka fara fitar da nasu a 1812, akwai wurin da yarinyar da aka kulle a hasumiya take tambaya don me tufafinta suka matse ta, wato ta yi ciki. A bugu na baya suka cire wannan. Saboda haka, in ji masu kārewa, mu dai mun komar da labarin yadda yake ne.

Amma fa ka dubi yadda Charles Perrault ya ba da labarin yarinya mai jar hula a 1697. Kyarkeci ya tare ta a hanya da daɗin baki, ya ji inda za ta, ya riga ta zuwa, ya cinye kakarta, ya kwanta a gadon kaka. Yarinya ta zo ta hau gadon, ya cinye ta. Iyakar labarin ke nan, ba wanda ya zo ceto. Maharbin da ka sani, Grimm ne suka ƙara shi. Perrault kuma ya bayyana a ƙarshe cewa 'yan mata yake ja wa kunne game da maza masu laushin harshe, waɗanda suke bin su har cikin gida. Ka ga zancen sha'awa yana ciki, ba a ɓoye ba. Sai dai duk wanda ya ji labarin, a gefen yarinya yake tsaye. Gabansa yana faɗuwa dominta, yana so ya yi mata ihu kada ta shiga ɗakin.

Haka kakanninmu suka yi mana a dandali da dare. Wa bai ji tatsuniyar budurwar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙi samarin garinsu duka, ta bi baƙo kyakkyawa, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗa ya zama dodo? Akwai abin tsoro a ciki, akwai abin kunya, amma tsohuwar da take ba da shi jikokinta take tsarewa.

Fim ɗin batsa bai sāke sunayen ba, bai sāke dajin ba, bai sāke gadon ba. Abu guda ya sāke, shi ne wurin zamanka. Ya ɗauke ka daga gefen yarinya, ya kwantar da kai a gadon, ya ara maka idon kyarkeci. Yanzu ba tsoro kake ji dominta ba, jira kake ta matso. A tatsuniyar budurwa da dodo, yadda Madam Leprince de Beaumont ta rubuta wa 'yan mata a 1756, dodon yana tambayar budurwa kowane dare ko za ta aure shi, in ta ce a'a sai ya haƙura, har ya bar ta ta je ganin mahaifinta. Ta wurin kamun kai dabba ta zama mutum. A fim ɗin 1975 kuwa an juya abin, a ƙarshe angon ne aka tarar da wutsiya. Wannan ba komar da labari ga asalinsa ba ne, kifar da shi aka yi.

Yanzu buɗe karatunmu na yau. Littafi Mai Tsarki ma ba ya ɓoye ƙazanta. Yana ba da labarin Lutu da 'ya'yansa, da na Amnon da Tamar, da na Dawuda da Bat-sheba. Wasu sukan ce, to ina bambancinsa da fim? Ka ƙirga ayoyin da kanka. Sura ta 11 tana da aya 27. Wankan matar da kyanta ba su cika aya ɗaya ba. Marubucin bai tsaya a kan soron ya ce zo mu kalla tare ba. Ya wuce da sauri, ya kai ka inda ya daɗe: ga saƙon ciki ya iso, ga Uriya an kira shi daga bakin dāga, ga shi kwance a ƙofar fāda ya ƙi zuwa gida domin 'yan'uwansa suna filin yaƙi, ga sarki yana ɗura masa ruwan inabi, ga bawan Allah ɗauke da wasiƙar mutuwarsa a hannunsa bai sani ba. Ba shi kaɗai ya mutu a gindin garun nan ba, akwai waɗansu sojoji da suka faɗi tare da shi, su ma 'ya'yan wasu ne. Surar ta rufe da cewa Ubangiji bai ji daɗin abin ba. Duk wannan daga yawon maraice ɗaya a kan soro, a lokacin da ya kamata sarki yana wurin aikinsa.

Da Allah ya so ya farkar da Dawuda, me ya aika? Labari. Natan ya zo da zancen attajiri mai garke da yawa, da matalauci mai 'yar tunkiya guda, wadda ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci daga akushinsa. Attajirin ya yi baƙo, ya bar nasa, ya yanka ta matalaucin. Dawuda ya husata ƙwarai, ya yanke hukunci, sa'an nan Natan ya faɗa masa a fuska cewa shi ne attajirin. Ka lura da abin da labarin ya yi. Watanni Dawuda yana duban al'amarin daga kan soro. Natan ya sauko da shi, ya tsai da shi a bukkar matalauci, daga nan ne ya ga kansa. Amfanin labari ke nan a hannun mai tsoron Allah.

Ina so in yi magana da kai musamman, kai da wannan takarda ta same ka a inda ba wanda ya sani. Wataƙila kana ƙungiyar mawaƙa, wataƙila kai dattijon ikkilisiya ne, wataƙila ke ce shugabar zumuntar mata, gama wannan jaraba ba ta maza kaɗai ba ce. Ka ce wa kanka ai wannan ba batsa ba ce, fasaha ce, tarihi ne, Turawa ma a jami'a suke nazarinsa. Ban musa gwanintar ba. Kura da fatar akuya ma sai gwani ke ɗinka ta. Amma tambayi kanka, sa'ad da fim ɗin ya ƙare ka kashe waya, da wane ido ka dubi matarka? Da wane ido ka dubi 'yar maƙwabcinka da ta zo ɗiban ruwa? Yesu ya koya mana a Matiyu 5:28 cewa zina tana somawa tun daga kallo, a cikin zuciya. Waccan da aka tuɓe a gaban kyamara kuma ba zane ba ce, 'yar wani ce, Allah ya yi ta cikin kamanninsa.

Kada ka ce ka riga ka yi nisa. Dawuda ya fi ka nisa, har da jini a hannunsa, duk da haka da ya furta zunubinsa Natan ya shaida masa an gafarta masa, ko da yake gidansa ya sha wahalar abin shekaru. Karanta Zabura 51 a gwiwa. Ka goge abin da ke cikin wayar yau, kada ka bari sai gobe. Ka nemi ɗan'uwa ɗaya amintacce ka faɗa masa, domin wannan zunubi a duhu yake ƙiba.

Ku iyaye kuwa, suna da hoton bango ba shaida ba ne. Duk abin da aka tura muku, ku fara kallo kafin ya shiga hannun yaro, ku ja shi gaba ku duba tsakiya da ƙarshe. In kuma abin ya riga ya faru, kamar na 'yar'uwar nan, kada ku huce haushinku a kan yaran. Ita ta ce mini ta mari babban, ɗan shekara 11, ta kwana tana nadama. Washegari ta zaunar da su, ta ce musu laifin ba nasu ba ne, ta bar su suka yi tambayoyinsu. Da dare ta ba su labarin marainiyar da bakinta, yadda ta karanta shi tana aji uku. Ƙaramar ta yi barci tun ba a kai ga takalmin ba.

Addu'a: Ya Uba, ka warkar da idon yaran da suka ga abin da ya fi ƙarfin shekarunsu. Ka ba iyayensu haƙuri da hikima. Wanda yake karanta wannan da nauyi a zuciya, ka aiko masa da Natan nasa, ka kuma ba shi kunnen ji. Cikin sunan Yesu, Amin.