Gurbin Da Na Sa Wa “Dole”

Shekarar da ta wuce wata ƙungiya ta ba ni aikin rubuta manhajar ɗaukar sunayen mabuƙata a waya. Ba wani aiki ne mai wuya ba: suna, shekaru, unguwa, lambar waya, lambar NIN. A gaban kowane gurbi akwai hukuncin da mai rubuta manhaja yake yankewa shi kaɗai a ɗakinsa, ko dole ne a cike gurbin, ko ana iya tsallake shi. Na sa “dole” a kan lambar waya da unguwa, don kada wani ya yi rajista sau biyu. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba.

Da na je gida Shinkafi hutun sallah, sai na tarar da wata baiwar Allah da ’ya’yanta uku a zauren maƙwabcinmu. ’Yan bindiga sun tashi ƙauyensu, ta fito daga ita sai kayan jikinta. Ba ta da waya. Unguwar da za ta ambata kuwa ta zama kufai. Na lura cewa da za a zo ɗaukar sunanta da manhajata, ko maɓallin ajiyewa ba zai dannu ba. Babu wanda zai ce ya kore ta. Za a dai rufe rajista a ce an gama, alhali tana nan zaune.

To, haƙƙinta a wuyan wa yake?

Ban ga laifin mai neman shaida ba. Tun 2016 gwamnatin tarayya ta fara ba gidajen talakawa naira 5,000 a wata, a 2023 kuma aka yi shelar naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, aka ɗaure abin da tantancewar NIN da asusu. Dalilin a fili yake, kowa ya san yadda sunayen bogi ke cinye rabon masu rai. Sai dai makullin da ke hana ɓarawo shiga, shi ne ke hana wanda ya fi kowa rauni. Mu da muka ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, mun san yadda kuɗin da ke cikin asusu yake zama labari idan babu sabis.

Matar nan ta ci abinci a ranar, kuma ba rajista ce ta ciyar da ita ba. Matan gida ne suka ƙara mudu a tukunya, liman ya yi magana bayan sallar magariba, aka tattara ɗan abin da ya samu. Da sauƙi mutum ya tsaya nan ya ce ai unguwa ta fi gwamnati tausayi. Ni kam ban yarda ɗari bisa ɗari ba. Unguwa ma tana da nata gurbin na dole, sai dai ba a rubuce yake ba: ’yar wane ce, daga ina ta fito? Matar nan an gane dangin mijinta, shi ya buɗe mata zaure. Da Bafulatana ce wadda ita ma aka kore wa shanu aka kashe wa miji, anya za ta samu ko tabarma? Mu faɗa wa kanmu gaskiya, da yawanmu kallon mai kai wa ’yan bindiga rahoto za mu fara yi mata. Sanayya tana ciyar da wanda aka sani, ta bar baƙo da yunwarsa.

Wurin da na ga an kauce wa tarkon biyu shi ne ɗakin yara masu tamowa. Likitocin MSF da ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi suna zagaya ɗan tef a damtsen yaro, idan ya nuna ja a karɓe shi. Tef bai san yare ba, bai san lambar waya ba. Da irin wannan awon suka gano a 2024 cewa yaro ɗaya cikin huɗu ’yan ƙasa da shekara biyar a ƙananan hukumomin biyu yana fama da tamowa. Matsalar ita ce takaba da rashin matsuguni ba su da tef.

Da na koma bakin aiki sai na cire “dole” daga gurbin waya da na unguwa. Na ƙara wani inda mai ɗaukar suna zai rubuta dalilin tsallakewa, ya kuma sa sunansa, ta yadda idan ƙarya ce a san wanda za a tuhuma. Bayan wata biyu aka kira ni, wai an kama sunayen da suka maimaitu, a mayar da tsohon tsari. Gaskiya ne an kama su. Na roƙi a ƙirga mini waɗanda suka shiga ta sabuwar ƙofar ba tare da maimaici ba, a ajiye lissafin biyu gefe da gefe kafin a yanke hukunci. Shugabar aikin ta yi shiru a waya, sannan ta ce in turo mata sunayen.