Harabar Makaranta Amana Ce A Wuyan Ɗalibi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama Ya rayar da ƙasa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, birnin Kaduna, musamman ɓangarensa na arewacin kogi, matattara ce ta masu neman ilmi. A nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take, wadda ta samo asali tun 1956, da mazauninta a Tudun Wada da wani reshe a Unguwar Rimi. A nan kuma Jami'ar Jihar Kaduna take, wadda aka kafa a 2004, a kan titin Tafawa Ɓalewa. Dubban matasa ne ke kwana suna tashi a waɗannan wurare, suna shan ruwansu, suna fakewa a inuwar itatuwansu. Sai dai akwai wata mummunar magana da ta zauna a bakin jama'a, watau cewa kayan gwamnati ba su da mai shi. Wannan magana ba ta da gurbi a Musulunci. Abin da jama'a suka yi tarayya a cikinsa amana ce, wanda ya ɓarnatar da shi kuwa haƙƙin mutane masu yawa ya ɗauka, waɗanda ba zai iya binsu ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafararsu ba.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya bayyana a Suratul Baƙara cewa Ya sanya ɗan Adam halifa a bayan ƙasa, halifa kuwa mai riƙo ne, za a tambaye shi. A Suratul A'arafi, aya ta 31, Ya halatta ci da sha, Ya kuma hana almubazzaranci. A Suratur Rumi, aya ta 41, Ya danganta ɓarnar da ke bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata.

Wurin da ɗalibi Musulmi zai fara gyara shi ne bakin famfon alwala, domin sau biyar yake zuwa can kowace rana. Ya tabbata a Buhari da Muslimu, daga Anas ɗan Maliku, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudun Nabiyyu guda, abin da bai kai lita ɗaya ba. Duk yaron da ya karanta Ahalari ya san cewa ƙaranta ruwa a kan gaɓa yana cikin mustahabban alwala. To, yaya wanda ya kai jami'a zai saki famfo yana zuba tun daga wankin hannu har zuwa wankin ƙafa, alhali kuwa mata da yara a unguwannin da ke maƙwabtaka da shi suna jiran 'yan garuwa? Buta ɗaya ta isa. Kwamitin masallaci kuma ya kamata ya riƙa duba famfunan da ke yoyo ya kai rahoto ga hukumar makaranta, sa'an nan a haƙa 'yar magudana ta kai ruwan alwala gindin shuke-shuke maimakon ya kwanta ya zama gidan sauro.

Na biyu shi ne shara, musamman ledar ruwan sha da robobi. Hadisi ingantacce ya ƙidaya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mutanen Kaduna ba su manta da ambaliyar 2003 da ta 2012 ba, lokacin da kogi ya tumbatsa ya raba iyalai da gidajensu. Gaskiya ne ruwan sama ikon Allah ne, amma toshe lambatu aikin mutum ne, kuma lambatun da leda ta toshe cikin gida yake mayar da ruwa. Ɗalibai na iya ware kwandon leda da roba dabam da na ragowar abinci, su sayar da robobin ga 'yan bola jari, kuɗin ya shiga hidimar masallaci ko taimakon ɗalibi marar ƙarfi. Kazalika su sa ranar yashe magudanan ɗakunan kwana kafin faɗuwar damina.

Na uku shi ne dashen itace. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi bushara da cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga dashen Musulmi, sadaka ce a gare shi. Halifa Abubakar Siddiƙu ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya, a halin yaƙi ke nan, balle a halin zaman lafiya. Amma dasawa ba ita ce wahalar ba, raino ne. Sau da yawa akan yi bikin dashe a ɗauki hotuna, rani na shigowa itatuwan su bushe ko awaki su cinye. Abin da ya fi shi ne a dasa kaɗan, kamar darbejiya da maɗaci da mangwaro, cikin watan Yuni ko Yuli sa'ad da ruwa ya zauna, a yi musu shinge, a ɗora wa kowane aji alhakin ban-ruwa, aji mai fita ya damƙa wa mai bi masa. Masu neman shawarar irin da ya dace ba su da nisa da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka. Haka nan kashe fitila da fanka a ɗakin da ba kowa, shi ma tsare amana ne.

Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1954, tana da rassa da majalisun karatu a manyan makarantu, saboda haka ita ya fi cancanta ta shige gaba. Kada kuma ta keɓe kanta. Ɗalibi Kirista da ke ɗaki ɗaya da Musulmi maƙwabcinsa ne, yana da haƙƙin maƙwabtaka, famfonsu ɗaya, lambatunsu ɗaya. A gari irin Kaduna, wanda ya ɗanɗani ɗacin rarrabuwa, haɗuwa a kan irin wannan aiki alheri ne ninki biyu.

Waɗannan ɗalibai su ne gobe za a damƙa wa ma'aikatu da baitulmali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda bai ji tsoron Allah a kan famfon makaranta ba, da wuya ya ji a kan dukiyar ƙasa. Allah Ya albarkaci karatunsu, Ya sanya su cikin masu gyara a bayan ƙasa, amin.